Ginshiƙin Soanomey

Litinin, 6 ga Mayu
Sun binne 'yata Soanomey a Antananarivo ba tare da mu ba. Mijinta Tsiry ya ce hanya ta yanke, gawa kuma ba ta jira. Ta waya ya gaya mini, yana kuka. Ni ban yi ba.

Alhamis, 9 ga Mayu
Tun ina saurayi nake sassaƙa wa mutanen garinmu Ampanihy aloalo, ginshiƙan itace da ake kafawa a kan kaburburansu tsakanin ƙahonin shanu. 'Yata ce kaɗai za ta kwanta ba komai a kanta? Yau na sare itace.

Asabar, 18 ga Mayu
Gizago ya ci mini yatsa. A saman ginshiƙin na sassaƙa ta zaune gaban kekenta na ɗinki, amma fuskar ta ƙi fitowa. Uwarta Vahoay ta ce, "Ka ci ko rogon nan mana, so kake in binne biyu?"

Laraba, 29 ga Mayu
Na gama. Hancin ba nata ba ne.

Asabar, 1 ga Yuni
Antananarivo. Direba ya ɗaure ginshiƙin a rufin mota tare da kwandunan kaji. Duk ramin da muka faɗa, a ƙirjina nake ji.

Lahadi, 2 ga Yuni
Wannan ce maƙabarta? Ciyawa a aske, furanni layi-layi, har da kujerun zama. Sunanta a kan ɗan dutse shimfiɗe a ƙasa, ko faranti ya fi shi. Maigadi ya tare ni: "Baba, ina zuwa da gungume? Nan ba a kafa komai sai fure." Na roƙe shi. Na durƙusa, ni da furfurata, mutane suna kallo. Ya ce shi ma aikinsa yake tsoro.

Talata, 4 ga Yuni
Ofis ma sun hana. Na ce wa Tsiry a tono ta in kai ta gida. Ya ce, "Baba, in ka tafi da ita, ni wurin wa zan je?" Na gaya masa maganar da ba zan rubuta ba. Duk da haka ya kawo mini shinkafa.
Ta yaya kakanninta za su gane ta a cikin wannan ciyawa?

Laraba, 5 ga Yuni
Tsiry ya jingine ginshiƙin a ɗakinsu, kusa da kekenta. Na same shi tsaye yana shafa fuskar. Wai ita ce sak. Ƙarya yake, ko?

Juma'a, 7 ga Yuni
Na bi shi maƙabarta da safe. Ya cire busassun ganye, ya ba ta labarin tsadar gawayi kamar tana jinsa. Da ya wuce aiki na zauna a kujerar, ƙafa ce ke ciwo. Har rana ta take.
Vahoay ta kira: "Ka kafa?"
Na ce, "Wurin akwai inuwa."
Ta ce, "Wace irin bishiya ce?"
Gobe zan tambayi Tsiry.