Ledar da Ke Tumbin Saniyar Inna

Ƙanena Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Maryam da yara. Yaya karatu, yaya ƙasar mutane? Mu nan Ba'awa lafiya lau.

Saniyar da Baba ya bar wa Inna ta tafi. Ta daina cin abinci, sai kumburi, ranar Talata muka yanka ta. Da mahauci ya farke tumbin, sai ga leda a dunƙule, ta kusa cika bokiti. Na tsaya ina kallo, ban ji komai ba. Bayaninka kawai na tuna, wai ƙwayoyin leda dogayen sarƙoƙi ne masu rassa, rassan ke hana su matsewa, shi ya sa take laushi. To, Dakta, na shaida, laushinta na nan, tumbi bai rage ta da komai ba.

Inna ba ta yi kuka ba. Kullum da safe tana jiƙa dusa ta kai turke, ta dawo da ita. Ba wanda ya hana ta.

Ka kira ta, ta ji muryarka. Ku sa mu a addu'a. A gaida yara.

Yayanka,
Habibu