Kiran da Ya Zo Bayan An Binne Cleavon

Birmingham, Alabama

Zuwa ga ƙanena Rayford,

Gaisuwa mai tarin yawa daga yayarka, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Annelie da yaran. Ubangiji ya sauƙaƙa maka ciwon gwiwar nan da ka ce sanyin Jamus na tayar maka, ya tsare ku daga duk abin ƙi. Mu nan sai godiya. Gwaggo Maybelle ta fara dogara sanda, amma bakinta na nan daram, ranar Lahadi ma sai da ta gyara wa Fasto waƙa a gaban jama'a. 'Yata Claudette ta kusa sauka, muna ta addu'a. Na zaɓi in rubuto maka da hannu ne domin in na ɗaga waya ihu zan yi ta yi maka, kuma ba za ka fahimci komai ba.

Wata biyu bayan mun binne Cleavon, ina zaune da safe ina ninke rigunansa zan kai coci a raba wa mabukata, sai waya ta yi ƙara. Wata yarinya ce daga asibiti, muryarta cike da fara'a, ta ce tana neman Mista Cleavon Mosely, tana da albishir. Na ce ta faɗa mini, ni ce matarsa. Ta ce an sake lissafin lokacin da ya yi yana jiran dashen ƙoda, an gano ya kamata a ce ya shiga layi shekaru kafin ranar da aka saka shi, don haka an mayar masa da shekarunsa, yanzu yana daf da gaba, ya riƙa ajiye waya kusa da shi. Na ce mata, "'Yata, mutumin da kike nema yana maƙabarta tun watan Maris." Ta ce na'urarsu ba ta nuna haka ba. Sai ta fashe da kuka. Rayford, ni ce na koma lallashinta. Ni da rigar mijina a kan cinya, ina ce wa 'yar mutane ta yi haƙuri, ba laifinta ba ne. Da na ajiye wayar na ɗauki kofin da ke gabana na maka shi da bango.

Ka san Cleavon kafin ni, tare kuka yi soja, kai ka kawo shi gidanmu. Amma ba ka ga shekarunsa na ƙarshe ba, kuma abin da ya kashe shi ba a gaya maka daidai ba, to bari in gaya maka. Idan aka ɗebi jinin mutum don a ga yadda ƙodarsa ke aiki, akwai maki da ake fitarwa. Sai makin ya yi ƙasa sosai ake saka mutum a layin dashe. To a da, in dai kai baƙar fata ne, sai a ƙara maka wani abu a kan makin, wai don mun fi sauran mutane tsoka. Ƙodar Cleavon tana mutuwa, takarda na cewa da saura. Da farar fata ne mai irin jininsa sak, da tuni yana layi. Shi kuwa aka ce ya je gida ya rage gishiri. Ya rage gishiri, ya daina cin naman da yake so, ya daina taɓa gasasshen kifin ranar Juma'a, ƙafafunsa suna kumbura har takalmi ya daina shiga. Daga baya aka fara masa wankin ƙoda, ya riƙa dawowa gida kamar tsumman da aka matse. Lokacin da aka saka shi a layi, zuciyarsa ta riga ta gaji.

Ƙanwarmu Ozella, da yake likita ce a asibitin, ta ga wannan tun farko. Ta zauna a teburin cin abincina ta cire ƙarin nan, ta nuna mana makinsa na gaskiya, ta ɗauka ta kai wa shugaban sashen, wani Dakta Hargrove. Ya karɓe ta da murmushi, ya ba ta kofi, ya ce ƙa'ida ƙa'ida ce, kuma ita ba likitar ƙoda ba ce, sannan abin ya shafi mijin yayarta, don haka zuciya ce ke magana ba ilimi ba. Ta koma ta tattaro bayanan marasa lafiya da yawa waɗanda ba ta haɗa komai da su ba, ta sake kai masa. Ya ce a kafa kwamiti. Kwamitin ya zauna, ya tashi, ya sake zama. A nan ne aka fara kiranta mai neman fitina a bayan idonta, aka tsallake ta wajen ƙarin girma, aka ba wani yaro da ita ta koyar da shi.

Yanzu na zo kanka. Ranar jana'iza, muna zaune a ɗakin taro na coci ana cin kaza da ganye da burodin masara, ka ce Ozella ba ta ganin komai a duniya sai launin fata. Ka ce da ta buɗe asibitinta kamar sauran likitoci da yanzu ta huta, amma ta ɓata rayuwarta wajen ƙirga gawarwaki, kuma ciwon ƙoda daga Allah ne. Ka yi zaton ba ta ji ba. Tana bayanka tana zuba wa Gwaggo shayi. Ni ma na yi shiru a ranar don gawar mijina ba ta huce ba, amma maganar tana nan a maƙogwarona. Ozella tun tana ɗalibar likita take tambayar me ya sa mutanen unguwarmu ke mutuwa da wuri, alhali a ƙetaren babban titi, a unguwar fararen fata, tsofaffi na tura jikoki a lilo. Ta bi gida gida tana auna hawan jini. Ta zauna da mazan da matansu suka mutu wajen haihuwa bayan sun yi ta cewa numfashi na gagararsu ba a kula su ba. Ta auna iskar da yaranmu ke shaƙa kusa da masana'antu. Kusan shekara talatin ke nan, ba aure, ba hutu, motarta ma ka gan ta. Kai ka tafi inda in ka je asibiti ake kiranka da sunan girma, ban ga laifinka ba, amma ba ka da bakin cewa ta ɓata rayuwarta.

A ƙarshe dai an cire ƙarin nan a ko'ina, da likitoci irinta a garuruwa da dama suka ƙi yin shiru. Sai ga shi watan jiya asibitin ya shirya liyafa don murnar gyaran. Ozella ta ce in raka ta. Na sa baƙar rigata na bi ta. Muna zaune can kusa da ƙofar da masu kawo abinci ke shiga, sai aka kira wanda za a karrama. Dakta Hargrove ne. Ya hau ya karɓi lambar yabo, ya ce tun da daɗewa abin ke damunsa, ya ce adalci ba ya jira. Sunan Ozella sau ɗaya ya fito daga bakinsa, a cikin jerin waɗanda suka taimaka, kuma bai faɗe shi daidai ba. Na ji jini ya hau mini kai. Na dafa tebur zan miƙe, ta riƙe mini hannu a ƙasa ta matse har sai da na ji zafi. Bayan haka aka ce ta zo a yi hoto, don a cikin manyan da ke kan dandalin babu baƙi ko ɗaya. Ta tashi, ta gyara riga, ta je ta tsaya kusa da shi, ta yi murmushi.

A mota na sauke mata kwandon masifa. Ban bar komai ba. Na ce ta ci amanar Cleavon, na ce sun mayar da ita adon hoto, na ce Mama da tana raye da ta tofa mata yawu. Muka tsaya a danja. Sannan ta ce, "Yaya, akwai binciken mata masu ciki da ke kan teburinsa, sai ya sa hannu za a ci gaba. In na ɓata masa hoto yau, mata nawa kike so in binne badi? Claudette ma ciki gare ta." Ta ce tun da aka kira sunan Hargrove take danne zuciyarta. Na juya ina kallon titi har muka isa gida.

Kuma ka san me ya biyo baya? Ya ce zai sa hannun, amma da sharaɗi. Ya ce zamani ya canza, masu ba da tallafi ba sa son ganin kalmar wariyar launin fata, ta cire ta daga binciken gaba ɗaya, ta rubuta bambancin yanayin rayuwa. Ta ce masa shekara da shekaru tana auna abu ɗaya, ta san sunansa, ba za ta kira shi da sunan wani ba. Ya ce to sai dai a dakatar. An dakatar. Murmushin nan da ta yi a hoto ya tafi a banza. Ma'aikatanta sun watse, ofis ɗinta an ba wasu. Hawan jininta ya tashi har na tilasta mata ta dawo gidana, tana kwana a ɗakin Claudette na da. Na ce ta ajiye aikin nan haka, ta yi mini dariya, ta ce in ta ajiye wa zai ɗauka, ni? Yanzu duk Asabar tana ɗakin ƙasa na coci tana auna mata masu ciki da kanta, ni nake kai ta, ni nake rubuta sunaye, Gwaggo Maybelle na zaune a bakin ƙofa tana yi wa duk wadda ta makara faɗa.

Ga dalilin wasiƙar. A watan Yuni kwamitin lafiya na majalisar jiha zai saurari jama'a a Montgomery, babban birnin jiharmu. Ozella za ta yi magana, amma ta ce sun saba jin likitoci, alƙaluma ba sa hana su barci, tana son su ji daga bakin matar da aka kira da albishir. Ka san ni, ko a coci aka ce in yi addu'a muryata na rawa. Na ce mata zan yi. Zan faɗi sunansa cikakke, zan faɗi yadda ƙafarsa ta kumbura, kuma ba zan lallashi kowa ba a wannan karon. Abu biyu nake so daga gare ka. Ka aiko mini hoton nan da kuka ɗauka da shi cikin kakin soja, wanda yake dariya hula a karkace, ina son su ga mutumin da ƙasar nan ta ce jikinsa ya isa ya ɗauki bindiga. Na biyu kuma ka zo da kanka ka zauna a bayanmu. Kafin nan ka kira Ozella. Ba sai ka yi dogon bayani ba, ta san ka, amma ka kira. In ba za ka iya ba, to kada ka zo, ka aiko hoton kawai.

Kai ma ka je a duba ƙodarka, ciwon sukarin Baba bai tsallake kowa a cikinmu ba, kuma ka tambaye su yadda suka yi lissafin.

Ka gaida mini Annelie da kyau, ka ce na gode da katin ta'aziyya. Ka gaida Lucius da Marlene, ka ce gwaggonsu na kewarsu. Gwaggo Maybelle na gaishe ka, ta ce ka yi ƙiba a hoto. Claudette da mijinta Thaddeus suna gaisuwa. Ozella ba ta san na rubuto ba, tana falo ta yi barci a kujera da tabarau a fuska, zan je in cire mata.

Har yanzu ina fushi da kai, kuma ina jiranka a watan Yuni.

Yayarka,
Earline