Tagar da Nake Goge wa Baba

Yaya,

Ina gaisuwa, ke da yara. Ya idon Baba, yanar da ta rufe masa gani tana ƙaruwa?

Ni lafiyata ƙalau, kada ki damu. Sai dai jirgin ruwanmu na masu yawon shaƙatawa wata bakwai ke nan yana tsaye, annoba ta kori baƙi. Aikina yanzu buɗe famfunan ɗakunan da ba kowa, kada su yi tsatsa.

Tafiyar da na yi wa Baba alkawari, ya hau jirginmu ya ga teku, an sake ɗage ta. Wai sai rigakafi ya zo. Na gaji da wai.

Ɗakin da na zaɓar masa a cikin jirgin, kullum ina goge tagarsa. Don Allah faɗa mini gaskiya: in na tsayar da shi gabanta, zai ga wani abu?

Ƙaninki