Baƙuwar da ta Binne Cibiyata

Daren Alhamis, Ƙofar Gayan

Jiya aka yi sunan ɗan ƙanena, yau aka raba nama, ni kuma kunya ta hana ni barci.

Wajen rabon na ce wa yara, "Ku fara kai wa 'yan gida, baƙi irin su Inna Banufiya daga baya." Ashe tana bayana, tun safe take taya mu suya. Ba ta yi fushi ba, da ma ta yi. Murmushi kawai ta yi ta ce, "Binta, ai baƙuwar ce ta binne cibiyarki a gindin darbejiyar can."

Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Tun kafin a haife ni take unguwar nan. Darbejiyar ma an ce daga Indiya aka kawo irinta, amma ban taɓa jin an kira ta baƙuwa ba. Inuwarta kawai muke sha.

Gobe da kaina zan kai mata cinya. Sai dai da na zo rubuta sunanta a nan, hannuna ya tsaya. Banufiya kawai na sani. Ban taɓa tambayar sunanta na yanka ba.