Tsiro Kamar Ƙwayar Masara

Innata,

Gaisuwa daga Niigata. Ya gwiwar taki? Ya ƙanena Bhimsen?

Kada ki tayar da hankali, lafiyata ƙalau. Ɗan tsiro aka gani a tumbina, kamar ƙwayar masara. Dokta Hoshino ya ce, "Akan ƙone da lantarki, akan zarge da siririyar waya a tsinke. Naki bai kai na wuta ba."

Inna, idona biyu aka zura bututu ta bakina, ina kallon cikina a talabijin! Wayar ta shaƙe shi, ya fita, babu wuƙa. Baba ya rasu ba wanda ya leƙa nasa cikin.

Na yi hawaye, amma ba na zafi ba. Nas ce ke shafa bayana, daidai yadda kike yi.

Ki sa min albarka.

'Yarki,
Sabitri