Abin da Kawu Zai Harba Sama

Litinin, 26 ga Satumba, 1960

Yau na fita da 'yan aji bakwai fili, muka yi ta jifa da dutse. Na nuna musu duk abin da aka jefa sama gudunsa raguwa yake, ya tsaya, ya dawo da ƙarfinsa. Ina cikin faɗa gabana ya faɗi. Ranar Asabar, bikin 'yancin kai, a filin nan na Rano yarana arba'in za su yi layi, maharba kuma su harba bindiga sama. Shugabansu Kawu Gajere ne, wanda ya riƙe ni tun ina maraya. Na san ɗurinsa, ba ya harbi sai da guntayen ƙusa.

Talata, 27

Na yi lissafin gudun faɗowar ƙusar sau uku. Ko an cire abin da iska ke ragewa, ya isa ya huda kan yaro.

Laraba, 28

Hedimasta ya ce ba ruwansa da maharba, ai kawuna ne. To, ni da ban taɓa kallon idon Kawu ba!

Alhamis, 29

Na hau keke har Tarai, wajen Kawu. Na durƙusa, na yi ta kame-kame, da ƙyar na faɗa masa ya ɗura albarushi zalla, ban da ƙusa. Ya yi dariya har da tari. Wai shekara talatin yana harba sama bai ga abin da ya dawo ba, albarushi zalla kuwa tusa ce. Boko ya cinye mini kai, in ji shi. Na ce to. To kawai na ce, tir da ni.

Juma'a, 30

Fuskar Saude, ƙaramar ajina, nake ta gani a gaban layi.

Bayan masallaci na koma. Na ce, "Kawu, zo bakin kududdufi ka harba sama, mu gani." Ban san inda na samo muryar ba. Ya biyo ni yana mita. Ya harba, muka raɓe jikin kuka. Ina ƙirge a zuci, ina addu'a kar lissafina ya kunyata ni, ina kuma tsoron ya zama gaskiya. Na kai goma sha tara sai ruwan ya yi tsul, tsul, wuri uku. Ɗaya ya faɗo kusa da gaɓa, dab da inda Kawu ya tsaya ɗazu.

Ya daɗe yana kallon ruwan.

Asabar, 1 ga Oktoba

An yi biki. Albarushi zalla. Yarana arba'in sun koma gida da tutocinsu, alhamdu lillahi.

Da Kawu zai tafi ya juye mini guntayen ƙusa a tafin hannu, ya ce, "Malam, ajiye wa ajinka." Bai taɓa kirana haka ba. Sai da ya yi nisa na lura a tsaye na karɓa. Wataƙila gwiwata ce ke ciwo.