Garin Maganin da Na Zuba wa Yayanki a Kunu

Sauda, don Allah ajiye abin da ke hannunki ki saurare ni yanzu. Innarki ce daga Dubai, matar yayanki Ummulkhair ke rubuta mini. Ya yara, ya maigidan? Mu lafiya lau, sai dai na kwana biyu abinci ba ya shiga.

Mura ce ta kama yayanki, ga jirgin sama zai tuƙa washegari. Sai na zuba masa garin maganin nan na gida a kunu, ban faɗa ba, don na san zai ƙi. Ya wuni yana gyangyaɗi. Da ya tsare ni na faɗa, ya ce, "Inna, kin san abin da ke ciki?" Ina zan sani? Ashe su matuƙa ana gwada fitsarinsu ba sanarwa, in aka ga giya ko ƙwaya, a karɓe takardar lafiyar mutum, ba shi ba tashi. Yaron da ko sigari bai taɓa sha ba!

Da kansa ya kai wa likitansu ƙullin maganin. Aka dakatar da shi, aka ɗebi jini da fitsari. Jiya suka ce ba komai, ya koma aiki. Alhamdulillahi! Amma yanzu ko ruwa zan miƙa masa, sai na tambaye shi tukuna.

Allah ya yi muku albarka. Kafin kowa, maza ki gaya wa Goggo Rabi, don ta ce za ta aiko wani ƙullin ta hannun 'yan kasuwa ranar Juma'a. Ki ce na gode, ta riƙe abinta.